Kafin ka danna Create a BigQuery, ka san ƙasar da bayananka za su kwana?

Kai mai aiki da BigQuery, don Allah ka daina cewa "ai intanet ne, ko'ina ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Duk rumbun bayanan da ka buɗe yana cikin wani gini ne, a wata ƙasa mai dokokinta. In ba ka zaɓa ba, Amurka za a kai shi, don US ne zaɓin da ke nan tun asali.

Dubi irin bayanan da ake tarawa a yankinmu. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, aka yi ta auna jinin yara ana rubutawa. Yau kuma ga jerin 'yan gudun hijira: suna, ƙauye, lambar waya. Matashi a Nasarawa Burkullu ya sha rana ya tattaro wannan gida-gida, mutane suka ba shi bisa amana, kai kuma ko kallon akwatin Location ba ka yi ba. Haba!

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Google kuwa ba shi da yanki a Najeriya. Na Afirka shi ne africa-south1 a Johannesbag, wanda aka buɗe a 2024, kuma shi ma ƙasar waje ne. Don haka ka tambayi masu bayanan tukuna, in da hali ka cire sunaye da lambobin waya kafin ka ɗora.

Wani zai ce "in na yi kuskure sai in canza daga baya". Ina! Da zarar an buɗe rumbu, ba a canza masa wuri. Sai dai ka buɗe sabo ka kwafe komai, ka biya kuɗin jigila.

Tambayar da kake aikawa ma tana da wurinta, kuma dole ya dace da na rumbun. In sun saɓa, za ka ga "not found in location US", ka ɗauka teburinka ya ɓata alhali yana nan. Gyaransa: shiga Query settings ka zaɓi Data location da hannunka, ko ka fara rubutun da
SET @@location = 'africa-south1';
Masu amfani da bq su ƙara --location. Kuma a lura, US daban, us-central1 daban.