Sanƙarau a Damagaram: taswira ma tana ceton rai

Jama'a masu saurare, da 'yan uwa da ke Kano, Libiya ko Abijan, duk mun san da hunturu ya buso da ƙura, hankalin iyaye ba ya kwanciya, don lokacin sanƙarau ke nan har ruwan farko ya sauka.

Ba mu manta da abin da ya same mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 mutum 559 suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Fiye da rabinsu a gundumar Dungas suke, bakin iyaka da Jigawa, sai Matamai, Mirya da Magarya. Me ya sa can, ba wani wuri ba?

Wannan tambaya ce ke gaban masu binciken da suka haɗa ilimin labarin ƙasa da na cututtuka. Tun 1963 likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, Nijar na tsakiyarsa. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, sanyi kuma yana cusa mu ɗaki guda, ga cinkoson kasuwanni.

A 2012 Juliette Paireau, matashiyar mai bincike a lokacin, tare da Halima Boubacar Maïnassara da abokan aikinsu na cibiyar CERMES a Yamai, sun ɗora alƙaluman masu cutar kan taswira, gidan likita bayan gidan likita. Sun ga cewa annobar takan taru a 'yan yankuna ƙanana cikin gunduma. In aka haɗa lissafin gundumar gaba ɗaya, sai a ga kamar lafiya lau, alhali wani ƙauye na binne yara. In aka ƙirga a matakin likitar karkara, ana iya ganin ta da wuri, rigakafi ya isa da wuri.

To amma taswira ba ta ganin yaron da aka ɓoye a ɗaki. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya ƙage: a kai shi likita a ranar, don cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya. 'Yan uwa na waje, in an kira ku, ku fara aiko kuɗin mota.

Kada kuma mu saki jiki da allurar MenAfriVac da aka fara a 2010. Nau'in A take karewa, wanda ya buge mu a 2023 kuwa yawanci nau'in C ne.

Jami'ar André Salifou na nan Zinder, ana karatun labarin ƙasa a cikinta. Yaranmu sun san ranar kowace kasuwa da hanyoyin da ake bi a tsallaka iyaka. Ya kamata hukumomin lafiya su jawo su cikin wannan aiki tun kafin hunturu mai zuwa.