MAI ZANE A GIDAN MAGINA TUKWANE

Makon jiya wani abokina mai shago a babbar kasuwar Maraɗi ya tare ni da ƙorafi, ya ce shafin nan namu ya cika maganar siyasa da tsadar shinkafa, kamar dai duniya ba ta da wani labari. To, yau na ji kiransa. Zan kai ku wani ɗan gari na kudancin Faransa, amma fa kada ya yi murna da wuri, domin kafin mu dawo sai mun biya ta kasuwa.

Sunan garin Vallauris, yana tsakanin Cannes da Antibes, kusa da gaɓar Bahar Rum. Shekaru aru-aru sana'ar mutanensa ita ce ginin tukwane. Allah ya ba su yumɓu mai jure wuta, saboda haka tukunyarsu ta girki ta yi suna, ana loda ta cikin jiragen ruwa ana kai ta garuruwan bakin teku. Daga baya sai masana'antu suka fito da tukunyar ƙarfe da ta alminiyam, wadda ba ta da nauyi, kuma ko ta faɗi ba ta fashewa. Matan Turawa suka koma gare ta. Kafin a gama yaƙin duniya na biyu a 1945, tanderu da yawa a garin sun mutu, ƴaƴan magina sun kama neman wani aiki. Na san wanda ya taso a Mirya ko Bubon, da ya ji wannan, zai ce ai labarin gidansu nake bayarwa.

A watan Yuli na 1946 ne Pablo Picasso, mutumin Ispaniya mazaunin Faransa, ya shigo garin kallon baje kolin da magina ke yi kowace shekara. A lokacin yana gab da cika shekara 65, kuma babu mai zanen da ya kai shi suna a duniya. Mu da muka yi lise mun san shi ta hoton Guernica da ke cikin littafin tarihi, inda doki ke hangame da baki, mata na kururuwa. Na tuna wani ɗan ajinmu ya tambayi mushe ko mai zanen yana da lafiya. A wurin baje kolin Picasso ya tsaya gaban kayan wata mata, Suzanne Ramié, wadda ita da mijinta Georges suke da wani gidan gini mai suna Madoura. Suka gayyace shi, ya zauna, ya ɗebi yumɓu ya murɗa ƴan siffofi guda uku, ya yi tafiyarsa. Bayan shekara guda sai ga shi ya dawo da takardu cike da zane-zane, ya tarar an gasa masa ƴan kayansa an adana. Daga nan ya zauna. A shekarar farko kaɗai ya yi abin da ya kusa guda 2000, kuma a ƙarshen 1948 aka baje 149 daga ciki a Paris.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne halin da babban malami ke shiga in ya koma almajiri. Mai zane a kan ƙyalle sarki ne: launin da ya shafa shi ne zai gani, in bai yi masa ba ya goge ya sake. A gidan magini wuta ce ke da magana ta ƙarshe. Launukan da ake shafa wa tangaran garin ma'adinai ne, kuma kafin a gasa su kusan duka toka-toka suke, ba a rarrabe su da ido. Sai sun sha wuta mai zafin digiri 1000 ko kusa da haka sannan kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da tsanwa, tsatsar baƙin ƙarfe ta ba da ja ko ruwan ƙasa. Wato mutum yana zane ne kamar mai rubutu cikin duhu. Ga yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ga shi in da ƴar iska ko danshi a cikinsa sai ya tarwatse a tanderu, ya raunata maƙwabtansa. Aikin wata guda yana iya zama tsingaro cikin dare ɗaya, kuma ba ruwan wuta da sunan wanda ya yi shi.

Me ya gina? Abin da yake gani a kewayensa: kifi kwance cikin faranti, tantabara, bijimi, akuya, fuskar rana, sai kuma mujiya, wadda ya maimaita ba adadi. Dalilinta kuwa, a 1946 an tsinci wata ƴar mujiya mai rauni a tsohon gidan da yake aiki a Antibes, ya ɗaure mata ƙafa, ya riƙe ta a gida. Mu a nan in mujiya ta yi kuka a kan zaure sai tsofaffi su kama salati. Shi kuwa ya maishe ta tulu, cikinta ya zama wurin zuba ruwa, kanta ya zama baki. Akuyarsa ta 1950, da ya haɗa da tarkacen juji, tsohon kwando ne haƙarƙarinta, reshen dabino ne gadon bayanta, tulunan madara biyu na yumɓu ne hantsarta. Ba ta kai jar akuyar Maraɗi kyau ba, amma wanda duk ya taɓa kiwo zai gane tana da ciki.

Ba shi ne ya fara ba. Tun a 1886 Paul Gauguin ya shiga gidan wani magini a Paris, Ernest Chaplet, ya ƙi taɓa faifan juyi, ya riƙa gini da hannu zalla kamar yadda matanmu ke yi, yana tuno tukwanen ƙasar Peru inda ya yi ƙuruciya. Kayan ba su sami masaya ba. Bayan Picasso kuma sai abin ya zama yayi: Marc Chagall ya bi sahu, Fernand Léger ya yi wata babbar fure mai ƙafafu, fentin ja da rawaya da tsanwa, wadda ya kira furen da ke tafiya.

Yanzu ga inda nake son ƴan kasuwa su buɗe kunne. Picasso bai iya juya tukunya a kan faifai ba, kuma bai ɓoye ba. Akwai wani magini a Madoura, Jules Agard, shi ne ke zama ya murza faifai ya fito da tulu ko kwalba mai dogon wuya, ya miƙa masa tun tana ɗanya. Shi kuma sai ya matsa nan, ya lanƙwasa can, cikin ƴan mintoci kwalba ta zama tantabara ko mace mai ɗamara. Sannan ya yi yarjejeniya da masu gidan: shi yana amfani da yumɓunsu da tanderunsu da ma'aikatansu, su kuma suna da izinin kwaikwayon samfurinsa su sayar. Daga 1947 zuwa 1971 samfuri 633 aka yi wa haka, wani a fitar da shi guda 25, wani har 500, kowanne da hatimi a gindinsa. Niyyarsa ita ce ƙaramin ma'aikaci ma ya iya sayen farantin Picasso. A watan Yuni na 2012 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ragowar kayan Madoura a Landan, kashi 543, aka tashi da fam miliyan 8, wato sama da miliyar 6 na kuɗinmu na sefa. Ba na jin akwai ƙaramin ma'aikaci a cikin zauren ran nan. Kuma cikin masu ɗaga hannu, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan Agard? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada in yi wa Picasso rashin adalci. Zuwansa ya ta da garin daga suma. Ya zauna a can daga 1948 zuwa 1955, ya ba garin kyautar mutum-mutuminsa na mai ɗauke da tunkiya, matasa masu sha'awar yumɓu suka kwararo, baƙi suka cika titi, a 1968 aka soma bikin tangaran na duniya. Amma tukunyar girki ba ta dawo ba. Abin da ya rayu shi ne kayan ado, na ajewa a kan kabad, mai kyau da na banza, domin da ciniki ya buɗe sai kowa ya kama zana kifi da mujiya yana jiran ɗan yawon buɗe ido.

Akwai wanda ya bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi kwanta mini. Joan Miró, shi ma mutumin Ispaniya, ya soma aiki a 1944 da abokinsa na ƙuruciya, magini Josep Llorens Artigas. Tare suka yi bango biyu na hedkwatar UNESCO a Paris, na Rana da na Wata, aka gama a 1958: karo na tangaran 585, an gasa su da itace a ƙauyen Gallifa, Miró yana shafa manyan siffofin da tsintsiyar kaba saboda burushi ya yi kaɗan. Kayansu suna ɗauke da sunaye biyu, na mai zane da na magini. Duk wanda ya yi maganar bangon nan dole ya ambaci Artigas.

Mu dawo gida. Alhazanmu masu safarar Kano da Katsina, ku duba bayan takardar naira 20, za ku ga mace zaune tana gini. Ita ce Ladi Kwali, ƴar ƙabilar Gwari, wadda ta rasu a 1984. Ta riga ta shahara da randunanta masu zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi kafin wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar gini a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Shi ya kawo tanderu mai zafi da ruwan tangaran, ita ta riƙe siffarta da zanenta da sunanta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sai dai ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Randa tana sanyaya ruwa ne domin tana gumi: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta kwashe shi, zafi ya tafi da shi. Da zarar an lulluɓe ta da ruwan tangaran, ƙofofin gumin sun toshe, ta yi nauyi, ta yi ƙyalli, ta yi tsada, ta daina sanyaya ruwa. Randar da ta kai Ladi Kwali Landan ba ta da wurin zama a tsakar gida.

Na kawo duk wannan ne domin na sha jin masu zanenmu na Yamai da Damagaram suna kukan cewa fenti da ƙyalle daga waje ake kawo su, masu sayen tabulo kuma, waɗanda galibinsu baƙi ne, sun ragu. Magina su ma suna kuka da roba da bido da tukunyar dalma. Mutum zai ce to ga masu kuka biyu, me zai hana su haɗa kai? Mirya kilomita 18 ce kacal daga Damagaram, Bubon kuwa tana bakin Kwara kusa da Yamai, kuma matanta sun daɗe suna yi wa tuluna zanen fari da ja da baƙi tun kafin a haifi duk wani ɗan lise. Ginin siffa da yumɓu ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan: mahayin dokin Bura da Boubé Gado da ma'aikatansa suka tono a 1983 shaida ne, ko da yake bayan an nuna irinsa a Paris a 1993 ɓarayin kayan tarihi sun bi wuraren sun farfasa. Na san kuma wasu za su ce ina batun addini. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan cikakkiyar siffa mai inuwa ta abu mai rai, amma ba su hana ganye da fure da itace ba, kuma wanda ya taɓa zaga unguwar Birni ya ga bangayenta ya san abin da hannun Bahaushe ke iya yi ba tare da ya zana ko ƙuda ba.

Ni ina goyon bayan haɗuwar, amma da tsoro. Ɗan boko mai takarda, mai Faransanci, mai waya, in ya zauna da tsohuwa maginiya wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, mun san wanda sunansa zai fita a jarida da wanda za a sallama da kuɗin goro. Ita ce ta san ramin da ake haƙo yumɓu mai kyau, da yawan dakakken tsingaron da ake gauraya masa don kada ya tsage, da irin ranar da iska ba ta barin a kunna wuta. Ban ga dalilin da zai sa wannan ilimi ya zama na lebura, na mai burushi ya zama na gwani ba. Ma'aikatan da ke kula da sana'o'in hannu, in har za su shirya irin wannan aiki, to tun ranar farko a rubuta yadda za a raba kuɗi da sunayen da za a buga a gindin kaya. Kuma kada a kashe tulun ruwa don a samu abin ajewa a falo, domin ranar da wuta ta ɗauke firji ya mutu, shi ake komawa.

Bara na biya kasuwar Mirya ranar Lahadi, na sayi tulu wajen wata dattijuwa. Ta ce dala ɗari da hamsin, na taya ɗari, muka daidaita, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na juya gindinsa ban ga komai ba, sai na ce: "Inna, me ya sa ba kya sa sunanki?" Ta dube ni ta ce: "Yaro, wa zai karanta?" Sai ta ja yatsana ta ɗora a ƙarƙashin wuyan tulun, inda akwai ƴan tsaga uku da aka yi da farce. Ta ce ko cikin tulu ɗari aka jefa shi za ta fitar da nata, uwarta ma da wannan alama take gini, amma ƴarta ta ce ita ɗinki za ta koya.