Buƙatun masu amfani a buɗaɗɗiyar manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce manhajar da aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya kuma rarraba. Linux da Firefox da MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, duk irinta ne. Mai amfani da ita yana da damar neman a ƙara mata wani abu, sai dai babu wanda ya zama dole ya biya masa buƙatar, domin da yawa daga cikin masu aikin 'yan sa-kai ne.

Yadda ake karɓar buƙata

Kusan kowace al'umma tana da rumbun da ake shigar da koke. Mozilla tana amfani da Bugzilla tun 1998, Wikimedia kuma ta bar Bugzilla ta koma Phabricator a 2014. Idan buƙata ta shigo, sai a duba ko wani ya riga ya kawo irinta, a haɗe su, a kai ta ga rukunin da abin ya shafa. Wata a karɓa, wata a rufe ta da bayanin cewa ba za a yi ba. Da yawa kuwa ba a karɓa ba a ƙi, sai su zauna shekaru suna jiran mai hannu.

A 2015 Gidauniyar Wikimedia ta fara ƙuri'ar buƙatun al'umma, inda editoci ke kawo shawara, a kaɗa ƙuri'a, sannan ma'aikata su ɗauki waɗanda suka fi samun goyon baya. Baƙin shafi na karatun dare an yi ta neman sa shekara da shekaru kafin ya fito a 2024. A shekarar ne aka sauya tsarin, ya zama ana karɓar buƙata a kowane lokaci.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa

Ƙuri'a tana fifita masu yawa. Editocin Ingilishi da Jamusanci sun ninka na Hausa nesa ba kusa ba, kuma yawancin tattaunawar da Ingilishi ake yin ta. Buƙatar da ta shafi ɓ da ɗ da ƙ da wuya ta yi gogayya a irin wannan fage, duk da cewa haruffan suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990.

Sunan Ƙanƙara, garin Sarkin Pauwa a Jihar Katsina, ya isa misali. Ɗalibin da wayarsa ba ta da ƙ zai rubuta "Kankara" a akwatin bincike, yana so a kai shi inda yake nufi. Neman a ɗauki k da ƙ a matsayin abu ɗaya wajen bincike kamar mai sauƙi ne, amma "kafa" daban take da "ƙafa", haka "bari" da "ɓari". Ga kuma bambancin Najeriya da ke rubuta 'y da Nijar da ke rubuta ƴ. Injiniyan da bai ji Hausa ba ba zai iya yanke wannan hukunci ba, yana buƙatar mai harshen ya kawo masa misalai, ya faɗi inda haɗewar za ta taimaka da inda za ta ɓata ma'ana. Kukan "bincike ba ya aiki" kawai ba ya zuwa ko'ina.

Wasu abubuwan ma ba sa buƙatar jira. Fassarar maɓallan MediaWiki zuwa Hausa a translatewiki.net ake yin ta, kuma duk mai jin harshen zai iya shiga ba tare da ya iya rubuta manhaja ba.

Waɗanda muryarsu ba ta kai ba

Tsarin gaba ɗaya ya ɗauka cewa mai buƙata yana da intanet. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kwashe watanni a haka. Ɗalibin da ke can a lokacin shi ya fi kowa buƙatar shafi marar nauyi da hanyar karatu ba tare da intanet ba, irin wadda manhajar Kiwix ke bayarwa. Shi ne kuma ba shi da halin shigar da koke ko kaɗa ƙuri'a. Ko da layi ya dawo, tsadar data da rashin wutar cajin waya suna hana shi bin tattaunawar da kan ɗauki makonni, kuma buƙatar da mai ita bai dawo ya amsa tambayoyin injiniyoyi ba, sau da yawa rufe ta ake yi.