Filin Mota: Zaɓen Fulogi da Daidaita Tazarar Bakinsa a Injin Motar Gudu

 A makon nan za mu amsa wata wasiƙa ce da ta zo mana daga wani mai karatu a Jos, wanda ya ce ya gaji wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, ƙirar MGB, daga wurin mahaifinsa. Ya ce tun da ya tashe ta, in ya kama hawa ya taka totur sai inji ya dinga shaƙewa yana tuntuɓe, kuma in ya kwance fulogi sai ya tarar bakinsu ya yi baƙi ƙirin. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayi fulogin motocin tsere, ya kuma buɗe bakinsu sosai domin wuta ta ƙaru. Shi ne yake tambaya ko ya bi wannan shawara.

To, Malam, amsa a taƙaice ita ce kada ka bi ta. Amma da yake yawancin masu karatu ba su da irin motarka, za mu yi bayanin dalili filla-filla, domin ƙa'idar ɗaya ce ga kowane inji mai shan fetur, daga motar gudu har babur da janareta.

Aikin fulogi shi ne ya ƙyasta wuta a cikin silinda a daidai lokacin da fistin ya matse fetur da iska. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12 ne kawai, sai kwal ya ɗaga ta zuwa dubbai, dilko ya raba ta, ta bi waya ta isa fulogi, sa'an nan ta tsallake 'yar tazarar da ke tsakanin ƙarfen tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe. Wannan tsallaken shi ne tartsatsin da ke kunna mai. In inji mai bugu huɗu yana juyi 5,000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 2,500 a mintin nan, watau fiye da sau 40 a kowace daƙiƙa. Motar gudu kuwa an yi ta ne domin ta daɗe a irin wannan juyi, shi ya sa kuskuren da motar haya za ta yi haƙuri da shi yakan zama ɓarna a wurinta.

Ita motar da ake magana, kamfanin MG ne ya ƙera ta a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga shekarar 1962 zuwa 1980, sa'ad da aka rufe masana'antar, kuma an yi fiye da guda dubu 500. Injinta silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798, da kafireto biyu ƙirar SU. Fulogin da masu ita suka rubuta mata shi ne Champion N9Y, kuma takwaransa a wurin kamfanin NGK na Japan shi ne BP6ES. Duk wanda zai saya wa mota fulogi, abin da zai fara nema ke nan: lambar da ke cikin littafin motar. Wannan lamba kuwa abubuwa uku take tsarewa, watau girman fulogi, da zafinsa, da siffar bakinsa.

Mu fara da girma. A cikin BP6ES, harafin B yana nufin kaurin zaren milimita 14 ne, P yana nufin bakin tangaran ya ɗan leƙo waje, E kuma yana nufin tsawon zaren milimita 19 ne. Akwai fulogi masu kauri ɗaya da wannan amma gajeru, masu zaren milimita 12.7, kuma za su shiga ramin lafiya lau har mutum ya zaci ya dace. In aka sa gajere a rami mai zurfi, tartsatsin zai ɓuya a cikin rami, mai ba zai kama da kyau ba, sauran zaren ramin kuma zai cike da gawayi, ranar da aka zo sa na daidai sai ya cije. In kuwa aka sa dogo a gajeren rami, yana iya karo da kan fistin, ko kuma zaren da ya leƙa ciki ya tara gawayi ya ƙi fita sai da ɓarna. Saboda haka a riƙa gwada sabo da tsoho gefe da gefe kafin a ɗaura.

Na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. In an ce fulogi mai zafi ne ko mai sanyi, ba ƙarfin tartsatsinsa ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne saurin da yake fitar da zafin bakinsa zuwa jikin inji. Mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, shi ake kira mai zafi. Mai gajeren hanci yana saurin zubar da zafi, shi ne mai sanyi. Bakin fulogi yana bukatar ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyos kafin ya iya ƙone gawayin da ke taruwa a kansa. In kuma ya haura wajen digiri 850, sai ya zama kamar garwashi, ya kunna mai tun kafin lokacin tartsatsi ya yi. Wannan kunnawa ta gaggawa ita ce ke narkar da bakin fulogi, har ta huda kan fistin, kuma tana iya yin haka cikin 'yan mintoci in ana kan gudu.

To, fulogin motocin tsere mai sanyi ne ƙwarai, domin injin tsere yana wuni ne a kan cikakken totur, zafinsa ya isa ya tsabtace kowane irin fulogi. In ka ɗauko shi ka sa a motar da ke yawo cikin gari, tana tsayawa a cunkoso tana tashi, bakinsa ba zai taɓa kai zafin da zai ƙone gawayi ba. Gawayi kuwa yana ɗaukar wutar lantarki, sai wutar ta sulale ta jikin tangaran maimakon ta tsallake tazara. Ke nan, Malam, fulogin da abokinka ya ce ka saya zai ƙara maka baƙin da kake kuka da shi ne. Haka kuma kada ka gudu zuwa ga mai zafi fiye da kima don kawai ka ga baki ya yi fari. Fulogin da ya yi sanyi da yawa asararsa kuɗin fulogi ce, wanda ya yi zafi da yawa kuwa asararsa inji ne sukutum.

A kula kuma, kamfanoni ba su daidaita lissafinsu ba. A wurin NGK da Denso, in lamba ta hau sanyi ne ya ƙaru, watau BP7ES ya fi BP6ES sanyi. A wurin Champion da Bosch kuwa akasin haka ne, N12Y ya fi N9Y zafi. Mutum da yawa ya je kasuwa ya nemi lamba mafi girma yana zaton ƙarfi ya sayo, alhali bai san ko zafi ya ƙara ko sanyi ba. Ƙaramin sani, in ji masu magana, ƙuƙumi ne. Wanda aka gyara wa inji aka ƙara masa matsi, ko wanda yake shiga tsere da motar, shi ne zai iya matsawa mataki ɗaya zuwa sanyi. Wanda injinsa yake yadda masana'anta ta fito da shi, ya tsaya a kan lambar littafi.

Yanzu sai batun tazara. Littafin MGB na shekarun farko ya ce a bar tazarar inci 0.025, watau kusan milimita 0.64. A motocin shekarun ƙarshe, waɗanda aka sauya wa tsarin wuta, an rubuta inci 0.035, kusan milimita 0.9. Mota ɗaya ce da suna ɗaya, amma tazara ta bambanta saboda kayan wutar sun bambanta. Wannan ya nuna mana cewa ƙarfin kwal da lafiyar kayan wuta su ne ke yanke hukuncin faɗin tazara, ba sha'awar mai mota ba.

Dalili kuwa shi ne, duk yadda tazara ta ƙara faɗi, haka wutar da ake bukata domin tsallake ta take ƙaruwa. Bugu da ƙari, matsin da ke cikin silinda yana ƙara wa wuta wahalar tsallakewa, kuma matsin nan ya fi yawa sa'ad da aka taka totur a kan hawa. Shi ya sa fulogi zai iya ƙyastawa shar a hannun makanike a fili, inji ya yi silo lafiya, amma da an kama tudu sai ya fara tuntuɓe. In wuta ta kasa tsallake bakin fulogi, sai ta nemi wata hanya mafi sauƙi, ta fasa murfin dilko, ko ta ci wayar fulogi, ko ta gajiyar da kwal. In kuma tazara ta yi ƙanƙanta ainun, tartsatsin zai yi gajarta, ba zai kama mai sosai ba, sai inji ya riƙa rawa a silo yana shan fetur. Kada a manta kuma, tazara tana buɗewa da kanta a hankali saboda wuta tana cin ƙarfe. Don haka ne a wancan zamani aka tsara a duba fulogi a gyara tazara bayan kowace tafiyar mil 6,000, a sake sababbi bayan mil 12,000, watau kusan kilomita 10,000 da 20,000.

Ga yadda ake aikin. A nemi ma'aunin tazara, ko mai ganyayyakin ƙarfe ko mai wayoyi masu lamba. Mai waya ya fi gaskiya ga tsohon fulogi wanda bakinsa ya ɗan ci. A zura wanda lambarsa ta dace tsakanin ƙarfen biyu, ya kamata ya shige da ɗan ja kaɗan, ba da ƙarfi ba, ba kuma sakwaf ba. In ana son buɗewa ko rufewa, ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, daga gindinsa, da ɗan maƙatar da ke jikin ma'aunin. Ba a dogara sukudireba a kan ƙarfen tsakiya a ɓanɓara, domin tangaran yana iya tsagewa a ciki inda ido ba ya gani. Al'adar nan ta buga bakin fulogi a kan dutse ko sifana, ko gwada tazara da ruwan reza ko farce, ita ma a bar ta. Ko sabon fulogi ne daga kwali a auna shi, domin lamba ɗaya tana shiga motoci da yawa masu tazara daban-daban. Fulogin zamani masu bakin ƙarfen iridiyam kuwa, tsininsu siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 0.4 zuwa 0.6 ba, yana karyewa da ƙaramar dannawa. Gara a sayi wanda tazararsa ta dace tun daga masana'anta.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce, musamman mai kan alminiyam irin na Jaguar E-Type, domin zarensa ba ya jure wahala kamar na ƙarfen MGB. A hure ƙurar da ke gefen rami kafin a kwance tsoho, kada yashi ya faɗa cikin silinda. A fara murɗa sabo da hannu har ya zauna, sa'an nan a ƙara masa kamar rabin juyi da sifana domin woshar ta matse. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan juyi kaɗan ya ishe shi. Fulogin da bai ɗauru sosai ba ba ya iya miƙa zafinsa ga inji, sai ya zama mai zafi ko da lambarsa daidai ce. A kuma mayar da wayoyi bisa tsarinsu, wanda a wannan inji shi ne 1, 3, 4, 2.

Sauran magana ita ce baƙin da ka gani. Bakin fulogi kamar harshen majiyyaci ne a wurin likita. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka a bushe, lafiya ke nan. In baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, fetur ya yi wa iska yawa, ko cok ya maƙale, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta bawul, kuma babu fulogin da zai warkar da wannan. In fari ne fat da 'yan ƙuraje a jikin tangaran, zafi ya yi yawa, a tsayar da mota a bincika. Game da motarka kuma, ka tuna Jos tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga bakin teku, iskarta ba ta da nauyi kamar ta Ikko, saboda haka kafireton da aka saita a ƙasa yakan ba da fetur fiye da kima in an hau da shi sama. Ga alama can ne ciwon yake. Ka sa a daidaita kafireto biyun nan su yi numfashi tare, a duba kwantak ɗin dilko, wanda tazararsa take wajen inci 0.015, a duba wayoyi, sa'an nan ka sa fulogin littafi da tazarar littafi, ka hau tudun nan ka gani.

Daga ƙarshe, a yi hattara da jabun fulogi, domin sun yawaita a kasuwanni, kwalinsu kuma yana kama da na gaskiya. Yawanci ana gane su ta rubutun da ya yi dishi-dishi, da zare mai kaushi, da woshar da ke zamewa ta fita da sauƙi, da kuma araha wadda ta wuce hankali. Na jabu ba wanda ya san ainihin zafinsa, ko da lambar da aka buga a jikinsa daidai ce, saboda haka duk lissafin da muka yi a sama ba zai yi aiki a kansa ba. A saya a wurin amintaccen mai shago, a kuma sayi guda huɗun iri ɗaya lokaci ɗaya.

Malam, muna fata za ka sake rubuto mana bayan ka gwada, mu ji yadda motar ta kasance. Sauran masu karatu kuma da ke da tambaya a kan injinsu, su aiko da ita tare da sunan motar da shekarar ƙirarta da lambar fulogin da ke ciki. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.