DJ AB da Darajar Harshenmu



Da yawa cikinmu mun san Haruna Abdullahi, wato DJ AB, mawaƙin gambarar zamani ɗan Kaduna. Ya yi suna tare da ƙungiyar YNS, Yaran North Side, masu waƙar "Da So Samu Ne". A 2021 kuma ya yi "Supa Supa" tare da Mr Eazi, wanda aka sani har ƙasashen waje. Abin da ya burge ni shi ne bai yar da Hausa ba don ya samu karɓuwa. Da ita ya yi fice.

To, me ya sa wasunmu ke jin kunyar Hausa? A wasu makarantu har tara ake cin ɗalibi idan ya yi ta. Alhali a nan Bagudo, idan ka je kasuwar Tsamiya ko Lolo, da Hausa ake ciniki da mutanen Benin masu karatu da Faransanci.

Iyayenmu na cewa irin waɗannan waƙoƙi suna ɓata tarbiyya. Suna da hujja, domin akwai mawaƙa masu zagi da batsa, kuma waya tana cinye lokacin karatu. Amma laifin na kalmomin ne, ba na salon ba.

Shawarata, malamai su shirya mana gasar gambara mai tsabta da Hausa, kan karatu ko illar shaye-shaye. Mu koyi Turanci sosai, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga wata ɗaliba, aji biyu na ƙaramar sakandare