Sharhi: Jiragen ruwan shaƙatawa da tsibiran Karibiyan: Wa ke cin moriyar baƙin yini ɗaya?

A watan Janairun 2024 ne jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Icon of the Seas, mallakar kamfanin Royal Caribbean, ya fara jigila daga birnin Miami na Amurka zuwa tsibiran yankin Karibiyan. Tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana da hawa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinjoji 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Duk tsibirin da irin wannan jirgi ya yada zango a gaɓarsa, tamkar an sauke masa al'ummar wani gari guda ne da hantsi, a kwashe su kafin faɗuwar rana.

Wannan harka tana bunƙasa cikin hanzari. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya, wato CLIA, sun nuna cewa mutane miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan balaguro a 2019. Bayan annobar korona ta lafa, adadin ya haura zuwa miliyan 31.7 a 2023, sannan miliyan 34.6 a 2024. Yankin Karibiyan ne ke karɓar kaso mafi tsoka na waɗannan matafiya, saboda kusancinsa da jihar Florida, inda manyan tashoshin Miami da Port Canaveral da Fort Lauderdale suke. Sai dai yayin da baƙi ke ƙaruwa, muhawara na ƙara zafi a majalisun dokoki da kasuwannin tsibiran kan abin da ke saura a hannun 'yan ƙasa bayan jirgi ya ɗaga.

Yadda yinin baƙo ke kasancewa

Galibi jirgi kan iso tasha da sassafe, ya tashi da la'asar sakaliya ko da magariba. Cikin waɗannan sa'o'i shida zuwa tara ne fasinja zai ga abin da zai gani, ya sayi abin da zai saya. A Nassau, babban birnin Bahamas, baƙi kan bi titin Bay Street, su shiga kasuwar masu saƙar kaba inda mata ke sayar da huluna da jakunkuna, su hau matakalar nan ta Sarauniya wadda bayi suka sassaƙa a jikin dutse a ƙarshen ƙarni na 18. A Ocho Rios ta ƙasar Jamaika, jerin gwano ake yi ana riƙe da hannun juna ana hawan duwatsun magangarar ruwa ta Dunn's River. A tsibirin Grand Cayman, ƙananan jirage ne ke kai mutane wani tudun yashi a tsakiyar teku domin su taɓa wani nau'in kifi mai faɗi kamar faifai. Daga tsibirin Cozumel na Meziko kuwa, wasu kan yi nutso su kalli duwatsun murjani, wasu kuma su tsallaka da fito zuwa kangayen tsohon birnin Tulum na al'ummar Maya.

Dubban iyalai ne ke cin abinci daga wannan hada-hada: direbobin tasi, masu kwale-kwale, 'yan jagora, masu kitso a bakin teku, masu soya kifi, makaɗa da masu sassaƙa. Wani nazari da ƙungiyar FCCA, wadda ke wakiltar kamfanonin jiragen a yankin, ta ɗauki nauyinsa kan kakar 2023 zuwa 2024, ya ƙiyasta cewa harkar ta shigar da fiye da dala biliyan huɗu kai tsaye a wurare 33, tare da samar da ayyukan yi fiye da 90,000. Nazarin ya ce kowane fasinja kan kashe dala 100 da 'yan kai a duk tashar da ya sauka.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Waɗannan alƙaluma suna da daɗin ji, amma akwai buƙatar a dube su da idon basira. Fasinjan jirgi ya riga ya biya kuɗin makwanci da abinci da nishaɗi tun kafin ya baro gida. Ba ya kama ɗaki a otal, ba ya cin abincin dare a gari, kuma sau da yawa yakan koma jirgi ya ci na rana tun da ya riga ya biya. Shi ya sa baƙon da ya zo ta jirgin sama ya kwana bakwai a tsibiri yake kashe abin da ya ninka na fasinjan jirgin ruwa fiye da sau goma.

Ƙasar Bahamas ta isa misali. Al'ummarta ba ta wuce kimanin mutum 400,000 ba, amma a 2024 ta karɓi baƙi fiye da miliyan 11, waɗanda fiye da miliyan tara daga cikinsu fasinjojin jiragen shaƙatawa ne. Wato kowane ɗan ƙasa guda yana da baƙin jirgi sama da 20 a shekara. Duk da haka, mafi yawan kuɗin da ƙasar ke samu daga yawon buɗe ido yana fitowa ne daga 'yan tsirarun da ke kwana a otal-otal.

Hatta ɗan abin da fasinja ke kashewa a tudu, ba duka ne ke shiga aljihun 'yan gari ba. Kamfanonin jiragen ne ke sayar da tikitin rangadin cikin gari tun a cikin jirgi, su cire kamashonsu, wanda masu nazarin harkar suka daɗe suna cewa yakan kai rabin kuɗin, sannan su miƙa ragowar ga ɗan kasuwar da ya kawo mota da mai da direba. Fasinjoji da dama sun gwammace su sayi tikitin jirgi ko da ya fi tsada, domin kamfani ya yi alƙawarin jiran wanda ya makara a rangadinsa, amma wanda ya tafi da ɗan jagora mai zaman kansa, in ya makara jirgi tafiyarsa zai yi. Haka nan manyan shagunan gwala-gwalai da agoguna da ke jere a bakin tasha, waɗanda ba a biyan harajin kwastan a cikinsu, yawancinsu na kamfanonin ƙetare ne da ke biyan jiragen kuɗin talla. Ga mai tallar kwakwa da ke bayan shinge, lamarin ya yi kama da abin da Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsibiran da kamfanoni suka killace

Sauyi mafi girma a 'yan shekarun nan shi ne yadda kamfanonin suka koma gina wuraren shaƙatawa nasu na kansu. Al'adar ta samo asali tun 1977, lokacin da kamfanin Norwegian ya fara kai fasinjojinsa tsibirin Great Stirrup Cay na Bahamas. Royal Caribbean ya karɓi hayar gaɓar Labadee a arewacin Haiti a 1986, kamfanin Disney kuma ya buɗe Castaway Cay a 1998. Amma abin ya ɗauki sabon salo ne a 2019, sa'ad da Royal Caribbean ya kashe dala miliyan 250 wajen mayar da tsibirin CocoCay katafaren dandalin wasannin ruwa. A ƙarshen wannan shekarar MSC ya buɗe Ocean Cay. Disney ya ƙara da Lookout Cay a tsibirin Eleuthera a 2024, sai kuma Carnival da ya buɗe Celebration Key a Grand Bahama a watan Yulin 2025, kan kuɗi kimanin dala miliyan 600.

Hikimar a fili take. A tsibirin kamfani, kuɗin hayar rumfa da na lilon igiya da na abin sha duk asusu guda suke komawa. Babu mai tasi da zai yi ciniki, babu kasuwar da za ta janye hankalin baƙo. Gwamnati tana karɓar harajinta, ana kuma ɗaukar 'yan ƙasa aiki, amma baƙo yakan koma gida yana cewa ya je Bahamas alhali bai taka titin wani gari ba.

Hukumomin Bahamas sun yi ƙoƙarin rage kaifin matsalar ta hanyoyi biyu. Sun bai wa kamfanin Global Ports Holding aikin sabunta tashar Nassau kan dala miliyan 300, aka buɗe ta a watan Mayun 2023 da rumfunan ƙananan 'yan kasuwa da gidan tarihin bikin Junkanoo, bikin da ya samo tushe daga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Sannan a yarjejeniyar wurin shaƙatawar da Royal Caribbean ya gina a tsibirin Paradise, an tanadi cewa 'yan ƙasar za su iya mallakar hannun jari har kashi 49 cikin 100.

Tata-ɓurza kan haraji

Harajin da ake ɗora wa kowane fasinja shi ne hanya mafi tabbas da gwamnati ke samun rabonta, kuma a nan ne ƙarfin kamfanonin ke bayyana. Otal ba ya tashi daga inda aka gina shi, jirgi kuwa juya akala kawai zai yi ya nufi tsibirin maƙwabta. A 1999, lokacin da ƙasar Girenada ta sanya harajin dala ɗaya da rabi kan kowane fasinja domin kula da shara, kamfanin Carnival ya janye jiragensa daga ƙasar. Yunƙurin da ƙasashen yankin suka sha yi na tsayar da haraji bai ɗaya ya ci tura, domin kowace ƙasa tana tsoron kada maƙwabciyarta ta karya farashi ta kwashe baƙin.

Ko Meziko, duk da girmanta, ba ta tsira ba. A ƙarshen 2024 majalisar dokokin ƙasar ta amince da cajin dala 42 kan kowane fasinjan jirgin shaƙatawa. Kamfanonin suka yi caa, suna gargaɗin cewa za su sauya hanya, 'yan kasuwar Cozumel, tsibirin da ke karɓar fasinjoji sama da miliyan huɗu a shekara, suka shiga fargaba. Daga bisani gwamnatin Shugaba Claudia Sheinbaum ta sassauta: aka fara da dala biyar daga 1 ga Yulin 2025, da sharaɗin zai riƙa hawa sannu a hankali har ya kai dala 21 a 2028. Bahamas ce ta ɗan yi nasara, inda ta ɗaga nata harajin daga dala 18 zuwa 23 tare da ƙarin kuɗin kare muhalli, kuma dalilin bai wuce cewa kamfanonin sun riga sun binne ɗaruruwan miliyoyin daloli a ƙasarta ba.

Wani abin lura shi ne, duk da cewa manyan kamfanonin suna da hedikwata a Miami, jiragensu na ɗauke da tutocin ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, shi kansa Royal Caribbean a Laberiya aka yi masa rajista. Wannan tsari yana rage musu nauyin haraji da na dokokin ƙwadago na Amurka.

Muhalli da muryar talakawa

Abin da baƙi ke zuwa kallo, wato ruwa garai-garai da murjani da farin yashi, shi ne kuma abin da cunkoso ke lalatawa. A watan Maris na 2017, jirgin Caledonian Sky ya daki duwatsun murjani a Raja Ampat ta ƙasar Indonesiya, ya ragargaza dubban murabba'in mita na abin da ke ɗaukar shekaru aru-aru kafin ya tsiro. A 2016 hukumomin Amurka sun ci tarar kamfanin Princess dala miliyan 40 saboda zubar da dagwalon mai a teku a asirce, a 2019 kuma aka ƙara wa uwar kamfanin, Carnival, tarar dala miliyan 20 kan laifuffukan da suka haɗa da zubar da robobi a ruwan Bahamas.

Saboda haka wasu al'ummomi suka fara taka burki. A tsibiran Cayman, inda jirage ke tsayawa nesa da gaɓa ana ɗebo fasinjoji da ƙananan jirage, an gudanar da ƙuri'ar raba gardama ranar 30 ga Afrilun 2025 kan gina matsayar manyan jirage. Kusan kashi biyu bisa uku na masu zaɓe suka ce ba su yarda ba, duk da gargaɗin cewa jiragen zamani za su riƙa tsallake su. Tsibirin Bora Bora da ke tekun Pasifik ya ƙayyade fasinjojin da za su sauka a kullum zuwa 1,200. A Key West kuwa, mazauna sun kaɗa ƙuri'ar taƙaita jirage a 2020, amma majalisar jihar Florida ta soke hukuncin a 2021.

Akwai kuma haɗarin dogaro da sana'a guda. Daga watan Maris na 2020 jirage suka daina zirga-zirga har tsawon wata 15, tattalin arzikin Bahamas ya durƙushe da kusan kashi ɗaya bisa biyar a shekarar. Taɓarɓarewar tsaro a Haiti ta sa Royal Caribbean ya dakatar da zuwa Labadee a 2024, ya sake dakatarwa a 2025, masu sayar da kayan hannu a wurin suka wayi gari babu ciniki.

Abin da Afirka za ta koya

Tsibiran Afirka ma sun shiga sahu. Moris ta buɗe sabuwar tashar jiragen shaƙatawa a Port Louis a ƙarshen 2023, Kef Bade ta gina tata a Mindelo, yayin da Zanzibar da Seychelles ke karɓar jirage a kowace kaka. Hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya sun tilasta wa jirage da dama kewayowa ta kudancin nahiyar, abin da ya ƙara wa tashoshin Afirka baƙi. Najeriya, mai gaɓar teku ta kilomita 853, wadda ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, tana iya samun kanta a teburin irin wannan ciniki nan gaba.

Darasin Karibiyan shi ne yawan kawunan da suka sauka daga jirgi ba shi ne ma'aunin riba ba. Ƙasar da za ta ci moriyar harkar ita ce wadda, tun kafin ta sa hannu a yarjejeniya, ta tsayar da adadin baƙin da gaɓarta za ta iya ɗauka, ta tanadi gurbin 'yan kasuwarta a cikin tasha, ta wajabta sayen kifi da kayan lambu daga manomanta da masuntanta, sannan ta haɗa baki da maƙwabtanta kan haraji guda. Kamfanonin suna buƙatar tsibiran kamar yadda tsibiran ke buƙatarsu, domin babu fasinjan da zai biya kuɗi ya yi mako guda yana kallon ruwa kawai. Matuƙar kowane tsibiri zai ci gaba da shiga ciniki shi kaɗai, mai jirgi ne zai ci gaba da yanka farashi.