Daga Allon Malam: Likita Ya Ce Lafiya Lau, Amma Numfashi Yana Sarƙewa

Yau zancenmu a kan wani ciwo ne da yake damun mutane da dama, amma kunya takan hana a faɗe shi.

Mutum yana zaune ƙalau, a kasuwa ko cikin mota ko a sahun salla, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi yana sarƙewa kamar an shaƙe shi. Gaba yana dukan uku-uku, gumi ya karyo, jiri yana ɗibarsa, har ya sakankance ajali ne ya zo. A kwashe shi zuwa asibiti, a auna jini, a gwada zuciya, a ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce bai ga komai ba. Daga nan sai gida ya rabu biyu, wasu su ce iska ce ko jifa, wasu su ce raki ne kawai.

To, jama'a, wannan ciwo sananne ne, sunansa ciwon firgici, kuma reshe ne na ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 suna fama da ciwon damuwa iri-iri.

Ga yadda abin yake. Allah ya halicci jikinmu da shirin ko-ta-kwana. In kare ya biyo ka, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, don ka samu ƙarfin gudu. Mai ciwon firgici shirin nan ne yake tashi alhali babu kare. Saurin numfashin yana fitar da iskar kabon dayoksaid daga jini fiye da kima, shi ne yake kawo jiri da sagewar yatsu da leɓɓa. Mutum ya ƙara tsorata, ya ƙara haƙilon jan iska, abin ya ƙara tsananta. Ashe ba iska ce ta yi masa ƙaranci ba, numfashin ne ya yi yawa.

Saboda haka dabarar ita ce rage saurinsa. Ka zauna, ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, sannan ka fitar ta baki a hankali har shida, kamar mai hura koko mai zafi. Ka yi ta maimaitawa. Galibi tsananin yakan kai ƙarshensa cikin minti 10, yawanci kuma ya lafa kafin rabin awa. 'Yan uwa kuma kada a yi masa zobe ana koke-koke, kada a turnuƙe ɗaki da hayaƙi, kada a rufa masa leda a baki. Mutum ɗaya mai sanyin murya ya zauna kusa, yana ƙirgawa tare da shi.

Mu malamai mukan ga haka ga yara in jarrabawar BECE ta gabato. Bulala ba ta maganinsa, tsawa ma sai ƙara shi.

A duba abin da ake ci da sha. Goro da ataya da kofi duk suna da sinadarin kafin mai sa faɗuwar gaba. Rashin barci da tunanin bashi ko kuɗin haya su ma suna hura wutar.

Sai dai fa a yi hattara. Likita ne zai ce firgici ne, bayan ya kawar da asma, ciwon zuciya, ƙarancin jini, tarin fuka da matsalar maƙoƙo. In ciwon ƙirji yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi yana ƙara nauyi in an yi tafiya, ko ƙafafu sun kumbura, ko an yi tarin jini, a garzaya asibiti nan take.

Ciwon yana da magani. Akwai horon tunani da numfashi wurin masana halayyar ɗan Adam, akwai kuma ƙwayoyi da likita ke rubutawa, ba na bakin tasha ba. A nan Gana, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukuma ta musamman, kuma asibitocin gundumomi da yawa suna da nas-nas na wannan fanni, ba sai an je Pantang ko Ankaful ba. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Kada kuma tsoro ya hana ka kasuwa ko masallaci, domin gudun wuri yana ƙara wa ciwon ƙarfi. A riƙe addu'a, a nemi magani. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.